Yadda na shigar da iyalan Baffa cikin gidansu da gilashin VR tun ba a sa bulo ko ɗaya ba

Duk mai sana'ar zanen gida a Gombe ya san wannan matsalar, ka zana filan ka firinta ka shimfiɗa wa mai gida a gabansa, ya duba ya gyaɗa kai ya ce ya yi, alhali layuka kawai yake gani. Ba laifinsa ba ne, karanta filan abu ne da sai an koya. Sai gini ya kai linta sannan ya shigo ya tsaya tsakiyar falo ya ce shi fa bai zaci haka falon zai tsuke ba, a fasa. Kuma fasa gini a wannan lokacin da kowa ya san inda kuɗin siminti ya kai, duk da ga Ashaka nan kusa da mu, ba ƙaramar asara ba ce. Abin da ya fi ci min rai ma matan gida ne, su za su wuni a ciki, su yi girki su yi wanki su yi raino, amma yawanci ba a nuna musu komai sai ranar tarewa.

To da Baffana ya sayi fili a Tumfure, ƙafa 100 tsawo 100 faɗi, ya ce in zana masa gidan da zai koma da iyalansa daga tsohon gidansu na Jekadafari, sai na ƙudura a raina wannan karon kowa sai ya shiga gidan ya zaga kafin a haƙa fandisho. Mata biyu gare shi, Inna ce uwargida, sai Anti, kowacce da yaranta, kuma yana son kowacce da sashenta, ga nasa sashen, ga falon baƙi ta waje.

Gilashin VR wata na'ura ce da ake ɗaurawa a fuska ta rufe ido, ka ga kamar kana tsaye a cikin hoton da take nuna maka. Wanda na yi amfani da shi Quest 2 ne na kamfanin Meta, wanda ya fito a 2020, aro na yi a wajen wani abokina da ya saya na hannu yana buga gem da shi. Kamfanin Oculus ne asalin masu yinsa, Facebook, wanda yanzu ake kira Meta, ya saye su a 2014 kan kusan dala biliyan 2. Akwai sababbi da suka fi shi, Quest 3 ya fito a 2023, na Apple kuwa da ya fito a 2024 dala 3,499 aka sa masa, wannan kam ba namu ba ne. Gaskiya don aikin nuna gida Quest 2 ya isa har ya yi yawa, inda gizo ke saƙa shi ne laftop, dole ta zama mai ƙarfin hoto irin ta masu gem ɗin nan, in ba haka ba wahala kawai za ka sha.

Da na fara faɗa wa Baffa sai ya ce, kai ɗan nan, ba wannan ne abin da yara suke sawa a fuska suna dambe da iska ba? Na ce shi ne Baffa, amma ba nan ya tsaya ba. Na gaya masa matuƙa jirgin sama tun da daɗewa a cikin na'urar kwaikwayo suke koyon sauka da tashi da abin da za su yi in inji ya mutu a sama, don ba a gwada irin wannan da jirgin gaske. Kamfanin Ford yana duba ciki da wajen sabuwar mota ta cikin gilashi kafin ya ƙera ta. Walmart, babban kantin nan na Amurka, a 2018 ya raba irin wannan gilashin guda 17,000 a shagunansa don koya wa ma'aikata aiki. Ɗaliban likita ma akwai makarantun da suke koyon sassan jikin mutum da shi. Duk abu ɗaya suke gudu, kar a yi kuskure a inda kuskure ke da tsada ko yake cin rai, kuma gini ma haka ne. Baffa ɗan kasuwa ne, maganar asara yake ji da sauri, ya ce to bismillah, mu gani.

Farko na je filin da tef na sake aunawa da kaina, na duba ina ne arewa da kamfas ɗin waya, na fitar da alƙibla saboda banɗakuna, na lura da inda ruwa ke gangarawa in an yi ruwan sama. Na zana filan a AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta, kamar kullum sannan na ɗaga bango a SketchUp, manhajar da ke tsayar da zanen ya zama kamar gini, komai da awonsa na gaskiya, bulo inci 9 a waje inci 6 a ciki, tsayin silin, faɗin ƙofa, tsayin taga daga ƙasa. A nan ne nake jan hankalin duk mai son gwadawa, in awo bai yi daidai ba to gilashin ƙarya zai nuna, kuma ƙaryar da mutum ya gani da idonsa ta fi ta takarda illa.

Sai abin da ya fi cin lokaci kuma ya fi amfani, na je tsohon gidan da tef na bi kayansu ɗaya bayan ɗaya. Gadon Inna, wadirof ɗinta mai ƙofa huɗu, kujerun falo, firizar Anti da take sana'ar ƙanƙara da zoɓo da ita, injin wanki, har babbar tukunyar da ake ɗora sanwar biki sai da na auna bakinta. Yaran gidan suna ta bina suna riƙe min bakin tef. Dalili kuwa, ɗaki in babu kaya yana yaudarar ido, ka ga kamar fili ne, sai an sa gado da wadirof ka ga ko wurin shimfiɗa sallaya babu. Kayan da ke zuwa a cikin manhajojin nan yawanci na Turawa ne, ƴan ƙananan gadaje da kujeru marasa jiki, ba su yi kama da kayan ɗakin matanmu ba, don haka na zana nasu da awonsu ko da bai yi kyau a ido ba.

Daga SketchUp na tura zanen zuwa Twinmotion, manhajar kamfanin Epic Games, kyauta ce ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan 1 a shekara ba. A ciki ne ake sa fenti da tayil da haske, kuma tana da wani abu da na ji daɗinsa ƙwarai, kana saita garin da ginin yake a taswira ka juya shi daidai da arewa, sai ka zaɓi wata da lokaci ta nuna maka inda rana za ta faɗi a cikin ɗaki. Na sa Gombe. Da gangan ban sa mabul ko fitilu masu tsada ba, tayil na talaka na sa da fenti mai sauƙi irin wanda na san aljihun Baffa zai ɗauka, don ban yarda a nuna wa mutum fada a gilashi ba sannan a miƙa masa makullin wani abu dabam. Bishiyoyi da ciyayi da motocin ado duk na cire su saboda suna sa laftop nauyi, in ta yi nauyi hoton sai ya riƙa makalewa, ka juya kai shi bai juyo ba tukuna, to wannan shi ke kawo jiri da tashin zuciya. Ana son hoton ya riƙa sabuntawa kamar sau 72 ko fiye a kowace daƙiƙa kafin ido ya yarda da shi.

Ranar nunawa na yi cajin komai tun dare, batirin gilashin awa biyu zuwa uku yake yi, na kuma ce a tanadi mai a janareto ko da za a ɗauke wuta. Muka ture kujerun falon Baffa gefe, na haɗa gilashin da laftop da doguwar kebul, na zana iyaka a ƙasa da abin riƙewar hannu, wato in mutum ya kusa karo da bango na gaske sai wata raga ta bayyana masa a ido ya tsaya. Idon gilashin yana da saiti uku gwargwadon tazarar idanun mutum, sai an daidaita wa kowa nasa in ba haka ba dishi-dishi zai gani. Na kuma saita tafiya ta hanyar nuni, ka nuna inda kake so ka danna sai ka tsinci kanka a wurin, don in aka bar mutum yana sulalawa a hoto alhali ƙafarsa na tsaye, ido na cewa ana tafiya kunnen ciki na cewa ba a motsa ba, nan take kai ke juyawa. Ni kuma duk abin da mai gilashin ke gani ina kallonsa a sikirin ɗin laftop.

Baffa ya cire hula na ɗaura masa. Ya yi shiru, sannan ya ce ikon Allah, ya miƙa hannu zai dafa bango. Na fara da shi daga bakin get, ya duba inda zai ajiye mota ya ce ya yi, muka shiga falon baƙi ya zauna a kujerar gaske da na tura masa yana waige-waige, can sai ya tsaya a kan taga ɗaya ya ce, tsaya, wancan ba tsakar gida ba ce nake hangowa? Na ce ita ce Baffa. Ya ce a'a, baƙo ba zai zauna min a falo yana kallon iyalina suna kai da kawo ba. A filan tagar nan ɗan layi biyu ce kawai, ya gan ta a takarda bai ce komai ba. Nan take na rubuta, aka maida ta bangon da ke kallon wurin ajiye mota. Ya tambaye ni ina gabas, na juya shi, ya leƙa banɗakuna ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar babu wanda ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, sannan ya cire yana goge ido ya ce a kira su.

Inna da farko ta ƙi, ta ce ita ba za ta sa abin da zai rufe mata ido ba. Sai da ƴarta ta fara sawa ta riƙa ihu tana cewa Inna ga gadonki ga wadirof ɗinki, sannan ta yarda. Na goge soson fuskar, ƴar ta sassauta maɗaurin ta zura mata a kan hijabi, muka zaunar da ita a kujera don kar jiri ya ɗebe ta. Ɗakinta ba ta ce komai ba sai masha Allah. Da muka shiga kicin ne magana ta tashi. Ta duba kantar girki da wurin gas da kabad-kabad ɗin sama, ta ce yana da kyau, amma ɗan nan, in azumi ya zo ko an yi haihuwa ina zan hura icce? Ina za a ajiye turmi? Buhunan masara da shinkafa da wake da Baffanka ke kawowa in an yi kaka, a wannan ɗan siton za su shiga? Wallahi tambayoyi uku ne amma sun fi min zaman awa guda da Baffa a kan takarda. Ta ce a kai ta tsakar gida, ta juya ta juya ta nuna wata kusurwa ta bayan sashenta ta ce nan za a yi madafar waje, a yi mata rumfa, a sa famfo kusa, kuma kar ƙofarta ta kalli tagar kowa saboda hayaƙi. Ta ce kabad ɗin sama sun yi mata nisa sai ta taka kujera, na sauke su. Bayan ɗan lokaci ta ce kanta ya fara nauyi, muka cire, ta sha ruwa ta huta. Manya kam gara a yi musu kaɗan-kaɗan.

Na Anti shi ne wanda na fi yin tunani a kai har yau. Sashenta da na Inna awonsu ɗaya ne ƙafa da ƙafa, Baffa ya ja min kunne a kan haka tun farko saboda adalci. Amma da ta shiga nata ta fito, ta ce a kai ta na Inna, ta dawo nata, sai ta ce a hankali, nawa kamar ya fi duhu, kuma lungun shigowa ya fi tsawo. Gaskiyarta ne, lamba ɗaya ce amma zama ba ɗaya ba ne, saboda sashenta ya faɗo ɓangaren yamma kusa da katanga. Na sa watan Afrilu ƙarfe huɗu na yamma don ta gani, sai ga rana ta shigo ta tagar uwar ɗaka ta kwanta shame-shame a kan gado, kuma duk wanda ya san zafin Gombe a Maris da Afrilu ya san me wannan ke nufi, bangon zai sha rana ya riƙa amayar da zafi har tsakar dare. Muka yi shawara a wurin, tagar ta koma bangon arewa, aka ƙara wata a lungun don haske, aka sa baranda ta tare bangon yamma. Ƙofar siton ta kuma firiza ba za ta shige ba sai an karkata, na faɗaɗa ta. Ka duba fa, da ba a gani ba sai an tare, wannan ƙaramin abin zai iya zama maganar da za a yi shekaru ana ji a rai a cikin gida, an fifita wance, alhali ba wanda ya yi niyya. A kwamfuta kuwa gyaran bai ci bulo ko ɗaya ba.

Babban ɗan Baffa yana aiki a Abuja kuma da kuɗinsa a ginin, shi na fitar masa da hotuna masu zagaye 360 na kowane ɗaki. In ka tura su kai tsaye a WhatsApp a miƙe suke zuwa kamar an ja su, sai da manhajar kallon 360, ko a Facebook da yake gane irinsu, mutum na juya waya ɗakin na juyawa. Wanda ba shi da halin Quest ma zai iya farawa daga nan, akwai gilashin kwali ko na roba da ake zura waya a ciki, irin wanda Google ya fito da shi a 2014, bai kai wancan ba don ba ka iya takawa amma ya fi takarda nesa ba kusa ba.

Bayan na gama gyare-gyare sai na ce bari in gwada ɗaya fasahar, AR, a kan filin kansa. Ita ba ta rufe maka ido, duniyar gaske kake gani ta kyamara sai ta ɗora zanen a kai, irin yadda Snapchat ke ɗora wa mutum tabarau a fuska, ko gem ɗin Pokémon Go da ya tashi duniya a 2016. Tun farkon shekarun 1990 injiniyoyin Boeing suka fara gwada ta don nuna wa ma'aikata inda kowace wayar lantarkin jirgi za ta bi, IKEA masu kayan ɗaki suka fito da manhajarsu a 2017 da za ka ga kujera a falonka kafin ka saya, a 2020 kuma likitocin Johns Hopkins a Amurka suka yi tiyatar ƙashin baya suna ganin hoton ƙashin mara lafiya a cikin gilashin da ke idonsu. Ni tawa ta waya ce kawai. Na rage wa zanen nauyi na maida shi fayil ɗin GLB, irin fayil ɗin da waya ke iya nunawa a AR, kuma ba kowace Android ke yi ba sai wadda ke ɗaukar ARCore, manhajar AR ta Google, ta maginin ba ta yi ba, tawa ta yi. Quest ɗin kuwa ban ma fita da shi ba, rana in ta shiga idon gilashin kai tsaye tana ƙona sikirin ɗin ciki.

A nan sai in faɗi gaskiya, AR a fili bai yi santsin VR a ɗaki ba. Wayar tana neman abubuwa masu alama a ƙasa ta kama su ta san inda take, filin kuwa yashi ne fetal iri ɗaya, sai gidan ya riƙa zamewa yana yawo. Hasken rana kuma ya hana a ga sikirin, wayar ta ɗau zafi. Muka koma da sassafe, na jera ƴan bulo da duwatsu a kusurwoyi na shimfiɗa tabarma mai zane a inda zan fara, sannan ya ɗan tsaya, duk da haka in ka yi tafiya mai nisa sai ya goce kaɗan. Don haka kar wanda ya ce zai kafa turakun fandisho da waya, wannan aikin tef ne da igiya da magini. Amma ya nuna mana abin da VR bai nuna ba, maƙwabcin baya yana ɗora bene, da Baffa ya tsaya a inda tsakar gida za ta kasance ya ɗaga wayar sai ga katangarmu a hoto ga kuma tagogin benen na gaske sun leƙo ta samanta, daidai inda Inna ta zaɓa na madafa. Ya miƙa wa maginin wayar ya ce malam duba nan. Muka ƙara wa katangar baya tsawo, rumfar madafar kuma aka tsawaita ta ta rufe wurin wanki da shanya.

Abin da gilashi ba ya gani kuma yana da yawa, bai san irin ƙasar da ke ƙarƙashi ba, bai san rodi nawa ginshiƙi ke buƙata ba, kuma a gari irin Gombe da zaizayar ƙasa ta ci unguwanni wannan ba abin wasa ba ne. Shi ya sa sai da kowa ya gama faɗin nasa aka daina taɓa filan, sannan na kai wa injiniyan gini ya yi lissafin fandisho da rodi da magudanar ruwa, daga nan aka kai hukumar tsara birane neman izini. In ka fara kai wa injiniya kafin ka nuna wa masu gida, duk bangon da aka matsar sai ya sake lissafi kuma sai ka sake biya.

Aikin ya ƙara min wahala ba kaɗan ba, musamman aunen kaya da rage wa zane nauyi, kuma ban karɓi ko sisi a kai ba tunda na gida ne. Amma na fara tara kuɗin sayen nawa gilashin, don wata Hajiya da ta ji labari a bakin Anti ta aiko tana son a yi mata haka a makarantar Islamiyya da za ta gina a hanyar Dukku, na ce mata ranar nunawa ta zo min da malaman da za su koyar a ajujuwan, da awon bencin da yaran ke zama a kai.